SABON FADA BA JAKIN IKILISIYA BA NE



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙananan ikilisiyoyinmu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗe ta ba kwana-kwana. Idan Bishop ya turo sabon Fada, ko hedikwata ta turo sabon Rabaran, ranar tarba za a yi kiɗa, Zumuntar Mata su rera waƙa, a ci a sha. Washegari sai a miƙa masa makullai da littafin kuɗi da jerin basussuka, kowa ya kama gabansa. Daga ranar aiki ya zama nasa shi kaɗai, waɗansu dattawa kuma sun zama alƙalai.

To, bari mu duba abin da ke wuyansa. Ranar Lahadi zai yi sujadar safe a cikin gari, sannan ya hau babur zuwa majami'un ƙauye, da damina ma har da tsallake rafi. Tsakiyar mako ga duba marasa lafiya, ga kai wa tsofaffi Jibin Ubangiji, ga koyar da masu shirin baftisma, ga sulhunta ma'aurata, ga jana'izar da ba ta yin sallama. Shi ne mai kula da littattafan baftisma da na aure da na mutuwa. Idan kuma auren doka za a ɗaura, sai ya tabbatar an ba da sanarwa a ofishin rajista, kwana 21 sun cika, kuma majami'ar tana da lasisin ɗaurin aure. Wannan kaɗai bai ishi mutum ɗaya ba? Amma a kansa ne ake ƙara masa sayen siminti, da tsaron magina, da man janareto, da kuɗin wuta.

Mun san amsar da akan bayar: ai shi ya yi karatu, kuma wanda ya tafi shi yake yin komai. Muna tambaya, karatun tauhidi ya yi ko na birkila? In wanda ya tafi ya ɗauki kayan mutum biyar bai yi magana ba, wannan ba hujja ba ce ta ɗora wa na bayansa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka samu gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe hidimar, domin su kansu su tsaya ga addu'a da Maganar Allah. A Katolika ma, dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 537, ta wajabta wa kowace ikilisiya kafa majalisar kuɗi daga cikin membobi. Ba alfarma ba ce, wajibi ne.

Barin kuɗi a hannun Fada shi kaɗai kuwa tarko ne. Yau an bar masa baiko ya ƙirga, gobe waɗanda suka ƙi zama su ƙirga su ne za su fara raɗa cewa lissafi bai cika ba. Da zarar zargi ya shiga tsakanin makiyayi da garke, wa'azinsa ba zai ƙara shiga kunne ba.

Ga kuma batun fili da zaman gari. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma dukanmu mun san wahalar da majami'u ke sha a waɗansu jihohin Arewa kafin su samu takardar mallaka. Baƙon da ya sauka jiya, ina ya san wanda ya sayar da filin, da shaidun da suka sa hannu? Da ɗan gari akan ci gari. Inda muke tsiraru, mutuncin ikilisiya ya rataya ne ga kyakkyawar maƙwabtaka, kuma dattawa ne suka san ƙofar hakimi da ta dagaci da ta limamin Juma'a. Kada mu manta cewa a watan Mayu na 2021 'yan bindiga sun kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Wanda ya san hanyar da ba a bi da yamma, ya yi shiru ya bar baƙo ya bi ta, me zai ce wa Allah?

Saboda haka muna kira ga kowace majalisar dattawa:

1. A cikin watansa na farko a raka shi gaisuwa wurin shugabannin gari da 'yan sanda.
2. Mutum biyu su ƙirga baiko, su sa hannu, a karanta rahoto a gaban jama'a.
3. A kafa kwamitin gini da na takardun fili.
4. Kada ya tafi ƙauye ba ɗan rakiya.
5. A ba shi yini guda na hutu a mako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattijon da ba zai iya ɗaukar gefe guda ba, ya ba wani kujerar. Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima. Amin.