Tara da Farashi: Dabaru Biyu na Neman Mafi Dacewa

A darasin lissafi na sakandare, akan koya wa ɗalibi cewa inda gangare ya ƙare, nan ne mafi ƙanƙantar adadi. Wannan gaskiya ne idan matsalar tana da siffar ƙwarya, wadda duk inda aka saki tsakuwa a cikinta gindi ɗaya za ta nufa. Amma yawancin matsalolin duniya sun fi kama da ƙasa mai tuddai da kwaruruka, kuma ga sharuɗɗa sun kewaye su kamar shinge. Masana halittu sun san haka tun 1932, lokacin da Sewall Wright ya kwatanta sauyawar jinsi da hawan tuddai: jinsi na iya maƙalewa a kan ƙaramin tudu alhali ga babba can gaba.

Dabara ta farko wajen sarrafa sharaɗi ita ce ta tara, wadda ake danganta ta da Richard Courant a 1943. Akan cire shingen, sai a ci tarar duk amsar da ta ƙetare shi. Alal misali, a ce ana son rage x², da sharaɗin x = 1. Sai a rage x² + M(x − 1)², inda M shi ne nauyin tarar. Amsar ita ce M/(M + 1). Idan M = 9, a sami 0.9, idan 99 ne, a sami 0.99. Kullum ana matsowa, ba a isa. In kuwa aka tsananta tarar, kwarin ya zama siririn rami mai gangare, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi ta tuntuɓe a ciki.

Dabara ta biyu, ta tagwaitaka, tana da tushe a aikin Lagrange na 1788, kuma ita ce ta fi cancanta malamai su tsaya a kanta. A nan akan sa wa sharaɗi farashi. A ce ɗalibai 60 za su tafi yawon buɗe ido, kowace bas tana ɗaukar mutum 40 a kan naira 40,000. Farashin kujera ya kama naira 1,000, saboda haka matsalar tagwaitaka ta ce ba yadda za a kashe ƙasa da naira 60,000. To, amma ba a hayar bas ɗaya da rabi. Dole a ɗauki biyu, a biya 80,000. Wannan bambanci na 20,000 shi ake kira giɓin tagwaitaka, kuma yana iya bayyana idan matsala ta rasa siffar ƙwarya.

Wasu kan ɗauki giɓin a matsayin aibi. Sun yi kuskure. Dabarar tara tana ba da amsa ne kawai, ba ta faɗin ko akwai wadda ta fi ta. Tagwaitaka kuwa tana shata iyakar da babu amsar da za ta iya gotawa. Injiniyan da ke tsara waɗanne injinan lantarki za a kunna gobe (inji ko yana kunne ko yana kashe, kamar dai bas ɗin nan) yana bukatar wannan iyaka domin ya san iyakar asarar da tsarinsa zai iya jawowa.

A 1969 Hestenes da Powell, kowa daban, suka haɗa dabarun biyu: tara madaidaiciya tare da farashin da ake gyarawa bayan kowane zagaye. A 1974 Rockafellar ya nuna cewa, bisa wasu sharuɗɗa, wannan haɗi yana toshe giɓin ko da matsalar mai tuddai ce. Misalin bas bai wuce abin da malami zai warware a allo cikin minti goma ba, kuma ɗan aji huɗu na sakandare yana da duk lissafin da ake bukata.