Koset: Kwalliyar da ta hana numfashi ba kwalliya ba ce

Duk wanda ya halarci biki a Kano, Kaduna ko Abuja a 'yan shekarun nan ya ga yadda ɗinkin koset ya mamaye rigunan amare da ƙawayensu. A Instagram da TikTok kuma masu tallar ɗamarar matse ciki sun cika ko'ina. Ba mu da ja da kwalliya. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake sayen wannan kaya daga hoto kawai, sai ranar biki a ga amarya ta kasa zama, ta kasa cin abinci, tana ta haki.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 19, lokacin da koset ke tashe a Turai, likitoci suka yi ta gargaɗi kan ɗaure shi fiye da kima. Koset ba kamar sauran tufafi ba ne, domin haƙarƙari da ciki yake dannawa, don haka sai an duba ingancinsa da awonsa.

Ingancinsa yana cikin sandunan da aka jera a jikinsa. Na roba sun fi araha, amma ɗumin jiki yana lanƙwasa su, kuma idan suka lanƙwashe ba sa miƙewa, sai su riƙa sukar ciki. Na ƙarfe suna lanƙwasa su koma yadda suke. Ki ɗora maganaɗisu a kai: idan ya kama, ƙarfe ne. Ki juya cikinsa ki ga ko an yi masa shafi da yadin auduga mai ƙarfi wanda ba ya talewa. Ramukan igiyar baya su kasance da zoben ƙarfe ciki da waje, in ba haka ba ja ɗaya zai yaga su.

Sai awo. Ki manta da “ƙarami” ko “babba” da mai talla ya rubuta. Ki ɗauki tef ki auna ƙasan ƙirji, ƙugu da kwatangwalo, sannan ki zauna ki auna daga ƙasan ƙirji zuwa saman cinya. Wannan awon na ƙarshe shi ake yawan mantawa, shi ya sa koset ke tokare cinya ko ya tura ƙirji sama idan an zauna. Ga mai farawa, ragin inci 2 zuwa 4 daga ainihin ƙugu ya isa. Bayan an ɗaure, ratar da ke baya ta zama daidai daga sama har ƙasa. Idan ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa, ko akasin haka, ba na jikinki ba ne.

Kafin ki biya, ki zauna, ki sunkuya, ki ja dogon numfashi. Ƙwannafi, jiri ko mutuwar cinya alamu ne na a sassauta nan take, balle a zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40. Koset ba ya narkar da kitse. Gumin da yake jawowa ruwa ne kawai. Mai juna biyu ta haƙura da shi, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kuma ta fara jin ta bakin likita.

Teloli ma suna da nasu alhakin. Bai kamata a miƙa wa amarya riga ana gobe biki ba. A kira ta gwaji da wuri, ta riƙa saka shi awa ɗaya ko biyu na 'yan kwanaki har ya bi jikinta. Masu sayarwa ta intanet kuwa, wanda ya ƙi rubuta awo da inci ko ya ƙi yarda da canji, a bar masa kayansa. Jikinki aka yi wa rigar, ita ce za ta bi shi.