Wane Faifai ne sdb?

Kowane malami ya san lambar yaro a rajista ba sunansa ba ce. In na biyu ya bar lakwal aka sake jeri, na uku ya koma na biyu. Haka kwamfuta take yi da faya-fayanta na ajiya. Shi ya sa nake ganin bai kamata darakta ya sa hannu a takardar karɓar uwar garke ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da darussa da makin ɗalibai, sai an nuna masa wane faifai ke cikin wane rami.

Na'ura mai aiki da Linux tana raɗa wa faya-fayai suna sda, sdb, sdc, gwargwadon wanda ta fara gani sa'ad da aka kunna ta. Ba ruwanta da na sama ko na ƙasa a cikin akwati. In sdb ya mutu aka sake kunnawa, wanda jiya yake sdc yana iya wayar gari da sunan sdb.

A ce faifai uku ne a tsarin RAID 5, wanda rashin faifai ɗaya tak yake jurewa. Mai gyara ya bugo waya daga Damagaram ya ce a zare sdb. Mushe ya ƙirga daga sama ya zare na biyu, ashe lafiyayye ne. Biyu sun fita ke nan. Na'ura ta tsaya, in kuma aka yi rashin sa'a makin shekara guda ya salwanta. Laifin wa? Ni dai ban ga na mushe ba.

Tun 2011 aka cire Belbeji daga Tanut, amma wannan bai kawo mana mai gyara bakin ƙofa ba. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturun Damargu, ga ɗaukewar wuta. Faifai zai mutu, kuma hannun malami ne zai fara taɓa shi.

Maganin bai fi aikin rabin awa ba. Kowane faifai yana da lambar masana'anta a jikinsa, ita ba ta sauyawa. Umarnin lsblk -o NAME,SERIAL yana jera kowane suna da lambarsa. Ranar da aka kafa na'urar, tun mai kafawa bai hau mota ba, ya rubuta lambar a takarda ya manna a bakin kowane rami, a kwafe a littafi a ofishin darakta. Manyan na'urori suna da fitilar da ake kunnawa ta nuna ramin, sai dai ba kowace ke da ita ba, takarda kuwa ba ta jiran lantarki.

Iyaye na kwamitin COGES, ba sai kun iya kwamfuta ba. Ku ce a buɗe muku littafin, ku gwada lambobinsa da na jikin akwati. In an taɓa sauya faifai, ku duba ko an rubuta sabuwar lambar da kwanan wata.