Mu Fara Taka Dutsen Kafin Mu Koyar Da Shi

'Yan uwa malamai, wata rana a zangon karatun da ya wuce, muka tambayi 'yan aji biyar abin da ake samu a cikin daji. Muna jiran mu ji bauna, zuma ko itatuwan magani, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, 'yan bindiga." Babu wanda ya yi dariya, domin duk ajin ya yarda da shi. Ba mu ga laifinsa ba, abin da kunnensa ya saba ji ke nan a rediyo da bakin manya. Amma amsar ta tsaya mana a rai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Mu da muke jihar Taraba, Allah Ya ajiye mana Gandun Dajin Gashaka-Gumti a ƙofar gida. An kafa shi a 1991 bayan haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. Ɓangaren Gumti da ke Adamawa fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangarenmu na kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu. A can ne Chappal Waddi yake, kusa da iyakar Kamaru, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419. Ƙoramun da suke gangarowa daga waɗannan duwatsu su ne suke ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masu bincike suna tasowa daga Ingila da Jamus domin birran cimfanzi da tsuntsayen wurin. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin malaman reshenmu, mutum nawa ne suka taɓa wuce Serti suka shiga ciki?

Kowace shekara muna tsayawa gaban allo muna cewa sanyi yana ƙaruwa idan aka hau sama, kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Muna cewa saiwar itace tana riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba yana tsare ruwan sama har ya nutse, shi ya sa ƙoramar kurmi take gudana har cikin rani. Yara suna haddacewa su rubuta a jarrabawa, mu ba su maki, alhali da mu da su babu wanda ya gani. Malamin da ya kwana a tanti a gefen kogin Kam, sanyin asuba ya sa shi neman bargo, ya ɗauki jakarsa ya yi hawa na sa'o'i har numfashinsa ya sauya, ya ga gajimare a ƙasan ƙafarsa, ba zai sake koyar da wannan darasi da muryar da ya saba ba. Yara kuwa sun iya bambance mai labarin abin da ya gani da mai karanto musu littafi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ya fi darasi. Duk mun ga yadda manyan motoci suka yi ta ficewa da gungumen madobiya daga wannan jiha, wanda 'yan kasuwa suke kira madrid, har wuraren da muka sani da inuwa suka koma fako. Masu gadin gandun suna fama da masu saran itace da mafarauta, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Yaron da ke ajinmu yau, gobe shi ne mai riƙe da injin yanka, ko kansila, ko dagaci mai sa hannu. Idan bai taɓa sanin daji a matsayin abin so ba, da wace hujja zai hana a sayar da shi?

Mun san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Na farko tsaro. Babu malami mai hankali da zai kwashi 'ya'yan mutane ya nufi daji a wannan zamani ba tare da ya san hanya ba. Saboda haka ne muke cewa mu manya mu fara zuwa. Ba a shiga gandun sai da izinin hukumarsa da ke Serti, kuma ba a tafiya sai da rakiyar masu gadi. Idan suka ce lokacin bai dace ba, mu haƙura mu ɗage. Na biyu kuɗi. Albashin malamin firamare kowa ya san inda yake tsayawa. Amma mun iya adashi domin biki da suna da sayen babur. Adashin wata shida zai ɗauki nauyin mota da abinci da kuɗin shiga, tanti kuwa ana iya aro wurin 'yan sikawut. Na uku, wasu za su ce yawon buɗe ido na masu hali ne. Mu dai aikinmu za mu je dubowa.

Shawararmu ga shugabannin reshe ita ce a sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa. A zaɓi hutun Disamba, lokacin da ruwa ya janye, koguna suka ƙetaru. Kada a fara da Chappal Waddi, domin hawansa tafiyar kwanaki ce da ke buƙatar 'yan dako da ƙarfin jiki. Kwana uku a kewayen ƙauyen Gashaka sun isa: tafiyar ƙafa da safe, rubuta abin da aka gani da yamma, kowa ya dawo da darasi ɗaya da ya tsara wa ajinsa. A tabbata malamai mata suna ciki, a tanadar musu masauki na mutunci, domin su ne suke riƙe da ƙananan azuzuwa. Sharar da muka shiga da ita mu fito da ita, wutar da muka hura mu kashe ta da ruwa, domin ciyawar rani ba ta da haƙuri.

Ga iyalanmu da suke karanta wannan mujalla, muna roƙon ku ba mu aron kwana ukun nan. Idan mun dawo, sai mu fara da yara daga dutsen bayan gari, da yardar iyaye da rakiyar masu unguwa, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Muna fatan ranar da za mu sake yin waccan tambaya a aji biyar, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan da muke sha."

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kuma kai mu lokacin.