A Sa Wa Shagon Intanet Doka, Amma Kada a Rufe Ƙofar Talaka



Yawancinmu mun san bencin shagon intanet. A can muke duba sakamakon WAEC da NECO, a can muke cike fom ɗin neman aiki, mu buga takardar shiga jarrabawa. Wanda ba shi da kwamfuta a gida, kafe ce kwamfutarsa. Amma a kan bencin nan ne wani yake zama ya damfari bayin Allah, wani yaro kuma ya gudo daga makaranta ya wuni yana wasa. Shi ya sa duk lokacin da hukuma ta ce za ta sa wa shagunan nan doka, sai ra'ayi ya rabu. Mu dai matsayinmu shi ne a yi dokar, amma ta fito fili, kowa ya san abin da ake nema a wurinsa.

Akwai wani gari a jihar Kalifoniya ta Amurka mai suna Garden Grove, wanda ya riga mu shiga wannan muhawara. A ƙarshen Disamba 2001 aka kashe wani saurayi ɗan shekara 20 a bakin wata kafe, a lokacin da rikicin 'yan daba ya addabi shagunan garin. A 2002 majalisar garin ta umarci masu kafe su sa kyamarar tsaro, su ɗauki masu gadi, su hana yara shiga a lokacin makaranta, kuma su nemi izini na musamman daga hukuma. Masu shaguna suka garzaya kotu. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta amince da kyamara da masu gadi da hana yara, amma ta ƙi yarda da sharaɗin izinin nan, domin ya bar wa jami'i damar ba wanda ya ga dama, ya hana wanda ya ga dama.

Wannan hukunci ya dace da hankali. Kyamara da mai gadi abu ne da ido ke gani, ko akwai ko babu. Amma izinin da ya rataya a kan ra'ayin mutum ɗaya, mun san inda yake kaiwa: mai uwa a gindin murhu ya samu, marar kowa ya sha yawo ko ya ba da na goro.

Wani zai ce ai gara a rufe su duka a huta. Mu tuna abin da ya faru a Beijing, babban birnin ƙasar Sin, a watan Yuni 2002. Yara biyu suka cinna wa wata kafe marar lasisi wuta da dare, mutum 25 suka mutu, yawancinsu ɗalibai. Ƙofa a kulle take, tagogi kuma an toshe su da ƙarfe. Shagon da yake ɓuya, ba mai zuwa ya duba hanyar fitarsa. Idan aka tsananta doka har mai gaskiya ya kasa cika ta, sana'ar ba ta mutuwa, lungu take komawa, kuma 'ya'yanmu za su bi ta can.

A nan Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta riga ta wajabta wa masu kafe yin rajista da ajiye littafin da masu shiga za su sa hannu, wanda jami'an tsaro ke iya nema. Saboda haka abin da muke roƙon ƙananan hukumominmu ba mai yawa ba ne. A rubuta sharuɗɗa da kuɗin izini a manna inda kowa zai karanta, a riƙa ba da rasit. A duba wayoyin lantarki da wurin ajiye janareta da fetur, a tabbatar ƙofa ba ta kulle muddin akwai mutane a ciki. A kuma kula da littafin sa hannun, kada lambar wayar 'yan matanmu ta zama abin da kowane mai shigowa zai kwafa.

Mu ma da namu nauyin. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan kana da shago, kada ka kau da kai daga mai damfara don yana biya da kyau. Idan abokinka ya ce ka ara masa asusun bankinka za a turo masa kuɗi, ka ƙi, domin sunanka ne zai fito ranar bincike. Idan ka ga ƙanenka a kafe da kayan makaranta da hantsi, kada ka jira hukuma, kai ne yayansa.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, mu kuma ya kiyaye hannuwanmu da tsabta. Amin.