Shago Ya Samu Makaɗi, Ɗan Ƙwallon Haɗeja Fa?

Kwalejin St. Finbarr's ta Legas tana tinƙaho da tsohon ɗalibinta Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana mai horarwa a 2013. A Haɗeja kuwa, idan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suka zo lissafin waɗanda suka yi fice, farfesoshi da manyan sakatarori ake ji. Wanda ya tashi daga filin makaranta har ƙwallo ta zame masa sana'a, ko da a Jigawa Golden Stars ne, ba kasafai ake ambatonsa ba.

Giɓin nan ya shafe mu manazarta. Shago ya kuɓuta daga mantuwa ne domin Ɗan Anace ya waƙe shi, aka naɗi waƙar, aka yi nazarinta. Ɗan ƙwallo bai samu makaɗi irin wannan ba. Tarihinsa yana bakin tsohon malamin wasanni, ko a wani hoto da ke rataye a ofishin shugaban makaranta, a yankin da ambaliya irin ta 2022 ba ta barin takarda. Kamata ya yi sassan Hausa su karɓi rayuwar irin waɗannan 'yan wasa a matsayin batun kundin digiri, su tura ɗalibai Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa su naɗi hira da malaman tun suna raye.