Adaka ɗaya, kayan mutum shida

Yau zancen adaka za mu yi.

A gidajenmu da yawa nan Tenhiya, adakar ƙarfe ɗaya ce ke ɗauke da tufafin uwa da ƴaƴa, har da na kaka. Ranar suna a yi ta tono, ɗiya ta ce an ɗauke mata kallabi, uwa ta ce ai nata ne. Mun ga zumunci ya yi tsami a kan zane ɗaya.

Mu dai ga abin da muka gwada: kowa da ƙunshinsa, a ɗaure cikin tsohon zane mai kalar da ba ta kowa ba, ko ƙaramin yaro ya gane nasa. Kayan Salla su kwanta ƙasa, na kullum a bisa.

Rawanin maigida mai shuni kuwa, don Allah a ba shi jakarsa daban! Shuni na zuba. Sai ki buɗe ki tarar farin mayafinki ya koma shuɗi.

Adakar kanta a ɗora ta bisa duwatsu saboda laima da kunama, a rufe ruf in hunturu ya taso da ƙura. Aron zane tsakanin kishiyoyi kuma, a tambaya tukuna, a wanke kafin a mayar.